Sista Atika, Wadda Ta Sallami Babana Hannu Rabbana

"To, ina takardar maganin?" in ji Baba, ya miƙa mata hannu.

"Babu takardar magani, Malam. Yau dai babu."

"Ba ke kic ce sankara ta ba? Sankarar jini?"

"Likita yac ce, ni kuma na maimaita ma."

"Kuma yac ce irin tawa tana cikin masu saurin tashi."

"Awo, hakanan na."

"Amma ko ƙwaya guda ba ku ba ni? Ko allura?"

"Ko guda. Ka koma gida ka ci tuwonka, ka karantar da ɗalibanka, bayan wata biyu ka dawo muna mu sake ɗibar jini."

Baba ya daɗe yana kallon tafin hannun da ya miƙa. Sannan ya mayar da shi cikin aljihun riga, ya ce, "Na gane. Allah shi saka da alheri." Ina tsaye a bayansa riƙe da jakar takardu, kuma yadda ya faɗi "na gane" ɗin nan ya nuna mini akasin haka. Bai gane ba. Ni ma ban gane ba. Yau shekara uku ke nan da wannan rana, kuma matar nan da ta hana babana magani ita ce na ɗauki alƙalami domin ta.

Sunanta Atika, ma'aikaciyar jinya a sashen masu cutar jini na wani asibiti a nan Sakkwato. Kowa Sista Atika yake ce mata. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya bayan shekara talatin da biyar, kuma na san ba za a buga hotonta a ko'ina ba, ba kuma za a sa wa wani ɗaki sunanta ba. Babana shi ne Malam Hayatu, mai karantarwa a zauren gidanmu da ke Ƙofar Kware. Ni ce Nuriyya, autarsa. Wallahi akwai laifina a cikin labarin, kuma na yi niyyar faɗinsa yadda yake.

Kullum ranar aiki, in ta idar da sallar asuba ta dama wa mutanen gidanta kunu, sai ta fito bakin titi a Mabera ta tare kabu-kabu. Masu baburan layinsu sun san ta, har sun san ba ta son gudu. Kafin ƙarfe bakwai tana asibiti. Talata ce ranar masu cutar jini, kuma tun kafin likita ya iso ta riga ta bi benci-benci ta gaisa da kowa da sunansa, ta tambayi wannan ƙafar matarsa, ta tambayi waccan ko jikanyar ta fara tafiya. Wanda ya taso daga ƙauye mai nisa shi take fara kira, ko da mai babbar riga ya riga shi zama. An sha ɓata mata rai a kan haka, ba ta fasa ba. In ta zo ɗibar jini kuwa, da hira take jan mutum, kafin ya ankara ta danna auduga ta ce ya naɗe hannu. Ranar Litinin bayan la'asar takan zauna da ƙaramar wayarta mai madannai, wadda ta ɗaure da roba don kada murfin ya faɗi, ta bi masu zuwa gobe ɗaya bayan ɗaya: "Kak ka mance, gobe Talata." Babu wanda ya sa ta wannan aiki. Ba ya cikin abin da aka ɗauke ta ta yi.

Mu ba ciwo ne ya kai mu wurinta ba. Yanar ido za a cire wa Baba, sai gwajin jinin da ake yi kafin aiki ya nuna fararen ƙwayoyin jininsa sun yi yawa. Aka ƙara gwaji, aka aika jinin wani babban ɗakin gwaji a kudu, sakamako ya dawo. Sankarar jini ce, irin mai tafiya a hankali wadda ta fi kama dattawa, wadda mutum kan yi shekaru da ita bai sani ba. Sai dai tasa tana ɗauke da wata alama da ke nuna za ta iya tsananta da wuri fiye da ta wasu. Duk da haka Baba ko ciwon kai ba ya yi. Da ƙafarsa yake zuwa masallaci sau biyar, kuma malmala biyu yake cinyewa ya nemi ƙarin miya.

Amma mu nan, kowa ya san abin da ake nufi in an kai mutum asibiti an dawo da shi ba magani. Ko mura ta kai ka, in ba a ba ka ƙwaya ba sai ka ji an raina ka. To ina ga sankara? Tun muna yara muke jin ana cewa, "Likita ya ce a koma da shi gida," kuma kowa ya san saura addu'a. Kafin mu sauka daga mota Baba ya gama yanke wa kansa hukunci. Washegari ya sallami ɗalibansa, ya ce su nemi wani malamin. Ya fara sauke littattafansa daga kanta yana rubuta sunayen waɗanda za a ba. Ya bi maƙwabta gida-gida yana neman gafara, har da wani mai shago da suka yi sa-in-sa a kan magudanar ruwa tun ban shiga makaranta ba. Ya sa Inna, mahaifiyarmu, ta buɗe akwati ta fito da farin yadin da ya zo da shi daga aikin hajji, ta shanya shi a igiya. Ta shanya, ta shige madafi, ta toshe bakinta da mayafi.

Dangi suka fara zuwa daga ƙauye, da gero da kaji. Su shigo a hankali, su rage murya, su ce, "Malam, ya jiki?" alhali mutumin da suke gaisarwa ya fi rabinsu lafiya. Yanzu in na tuna nakan yi dariya, amma a lokacin ba abin dariya ba ne, domin cikin mako uku Baba ya fara ramewa da gaske. Ba cutar ce ta rame shi ba. Abinci ya daina ci.

A nan ne na shigo da nawa. Ni mai karance-karance ce tun ina ƙarama, kuma na taso da yardar cewa babu ƙofar da karatu ba ya buɗewa. Na rungumi waya kwana da kwanaki, har na gano akwai sabon magani, ƙwaya ce da ake haɗiya kullum, ba irin na da mai zubar da gashi ba. Shi wannan magani ƙwayar cutar yake bi ita kaɗai, ya toshe mata hanyar da take hayayyafa. Na ga an rubuta cewa an gwada shi a kan masu irin ta Baba, waɗanda ba su fara jin komai ba amma tasu mai haɗari ce, kuma ya jinkirta tashin cutar. Na karanta wannan layi ina kuka don murna. Na ji kamar ni ce zan ceto babana daga hannun mutanen da suka yi watsi da shi. Na tura wa yayana Gazali, wanda ke aiki a ƙasar Larabawa. Gazali bai yi wata-wata ba, ya nemo maganin ya ba wani mai dawowa daga umara. Ranar da na ɗora kwalbar a hannun Baba, fuskarsa ta washe. Ya ce, "Ashe dai akwai." Ya fara sha kullum da safe, tare da maganinsa na hawan jini da asfirin ɗin da ya saba sha. Ba mu gaya wa kowa a asibiti ba. Me za mu gaya musu, su da suka ce babu?

Da wata biyun suka cika, ranar Litinin bayan la'asar wayar Baba ta yi ƙara. Na ji muryar Sista Atika: "Malam, kak ka mance, gobe Talata." Baba ya ce, "In zo in yi mi? Ai kun gama naku." Ya kashe. Talata bai je ba. Laraba da yamma muka ji sallama a ƙofar gida, sai ga mace ta shigo da atamfa da hijabi, da jakar hannu wadda hannunta ya fara tsinkewa. Sai da ta yi magana na gane Sista Atika ce, don ban taɓa ganinta ba fararen kaya ba. Daga wurin aiki take, ta yi ta tambaya cikin lungunan Ƙofar Kware har aka nuna mata gidan.

Ta sami Baba zaune a zaure shi kaɗai, kantocin littattafai rabi babu komai. Suka gaisa. Idonta bai tsaya a fuskarsa ba. Ya sauka a kan asuwakin da ke gefen tabarma, wanda kansa ya yi ja da jini, sannan a kan damtsensa, inda jini ya kwanta ƙarƙashin fata baƙi-baƙi kamar an doke shi.

"Malam, mi kaka sha?"

Ni na amsa, har da ɗaga kai. Na shiga na ɗauko kwalbar na miƙa mata, ina jiran in ga kunya a fuskarta. Ta karanta sunan, ta juya kwalbar, ta tambayi kwana nawa. Na ce goma sha tara. Ta tambaya ko yana haɗawa da asfirin. Na ce eh.

"Malam, ka yi min izini in riƙa hannunka."

Baba ya miƙa mata. Ta ɗora yatsu a wuyan hannunsa tana kallon agogonta. Zauren ya yi tsit, har ina jin tattabarun maƙwabta. Minti guda ta yi, ni kuwa na ji kamar shekara.

"Tun yaushe zuciyarka ka tsalle haka?"

"Kwana ukku. Na aza ciwon na yaz zo."

"Ba ciwon na ba. Nuriyya, samo muna mota. Yanzu, ba anjima ba."

Kwana biyu Baba ya yi a gadon asibiti. Likita ya dakatar da ƙwayar, aka ba shi abin da ya daidaita bugun zuciyar, aka ce mun yi sa'a an zo da wuri. Ni dai na kasa haɗa ido da kowa. Na tsaya a baranda ina jiran Sista Atika ta zo ta wanke ni tas, kuma da ta yi, da ban ce komai ba. Ta zo ta tsaya kusa da ni, ta ce, "Ɗiyata, abin da kik karanta gaskiya na. Rabi dai kik karanta." Ta bayyana mini sauran. Waɗanda aka ba maganin tun ba su jin komai, cutarsu ta yi jinkirin tashi, amma da aka bi su shekaru, ba su fi waɗanda suka jira tsawon rai ba, su da ba a fara ba su ba sai da alamu suka bayyana. Abin da suka ƙaru da shi kawai shi ne ɗaukar nauyin maganin tun ba su buƙace shi ba: zubar jini, hawan jini, rikicewar bugun zuciya. Shi ya sa likitoci suke cewa a sa ido a jira, ko da cutar mai haɗari ce, sai dai a riƙa duba mai ita a kai a kai. Ta ce, "Maganin ga na da kyau ƙwarai. Na ga ya tada mutane daga kwance. Amma shina da lokacinai."

Gazali bai karɓi wannan da sauƙi ba. Ya kira ta wayata muna gefen gadon Baba, ya ce in miƙa wa Sista Atika, murya sama.

"Hajiya, da girmanki, amma wane irin aiki na wanga? Ku zauna kuna kallon uban mutum sai ya hwaɗi, sannan ku tashi?"

"Gazali, in kallo nika yi, mi yak kai ni gidanku? Kai da kak aiko da kwalba, wa yad duba mishi zuciya kahin shi hwara?"

Ta sassauta murya ta ci gaba.

"Ban ga laihinka ba. Ɗa na kake, kuma kana nesa. In kana son yin wani abu, ka riƙa kiranai kana tambaya tai mi yac ci yau. Ranar da anka buƙaci magani, ni da kaina zan kira ka."

Saura Baba, wanda har lokacin yake ganin an ɓoye masa wani abu ne. Ta jawo kujera ta zauna.

"Allah shi gafarta Malam, ina da tambaya ta addini."

"Ina jin ki."

"Mutum na, don tsananin son ibada, yat tashi da hantsi yay yi sallar azahar. Ta yi?"

"Ba ta yi ba. Lokaci bai shiga ba."

"Ko da niyyatai mai kyau ta?"

"Ko da kuka shika yi."

"To wa ka duba ma jama'a lokaci?"

"Ladan."

"To ni ce ladaninka."

Baba ya dube ta, ya ce, "Mace ba ta kiran salla." Ta ce, "To likita shi kira, ni in riƙa duba mishi inuwa." A nan babana ya yi dariya, dariyar farko cikin wata biyu, har sai da na gadon kusa ya juyo. Inna ta fita waje da sauri, na san kuka ta je yi.

Kafin a sallame mu ta ba shi wani ƙaramin kati da ta rubuta da hannunta, cikin ajami, domin ta lura yawancin dattawan da ke zuwa wurinta shi suke karantawa ba boko ba. Ga waɗanda ba su karatu sam, zane take yi musu. Abubuwan da zai riƙa lura da su ne, kuma ba ta rubuta su da yaren asibiti ba. In ya ga yana ƙara ɗaure mazagin wando, in zufa ta jiƙa masa riga cikin barci ba lokacin zafi ba, in kaluluwa ta fito a wuya ko hammata ta ƙi komawa, in zazzaɓi ya zo ba dalili, in tafiya masallaci ta fara sa shi haki, to kada ya jira Talata. Daga baya ta gaya mini cewa ranar farko katunan sun ƙare, layi kuma ya yi tsawo, sai ta bar shi ya tafi haka. Ta ce ta ga fuskarsa, ta san abin da ya ɗauka, ta ce a ranta za ta kira shi washegari, aiki ya sha kanta. "Sakacina na," in ji ta. "Shekara talatin na san mutanenmu, bai kamata in bar shi shi hita hannu rabbana ba." Ban taɓa jin babba ya faɗi laifinsa a gaban yarinya kamar ni da sauƙi haka ba, kuma tun daga ranar na ji ta shiga raina.

Baba ya sake buɗe zaure. Ya aika a karɓo masa littattafansa, wani ma sai da aka yi masa aike uku kafin ya saki. Farin yadin ya koma akwati. Shekara uku yana zuwa duk bayan wata biyu ko uku, a ɗebi jini, a taɓa wuya da ciki, ya dawo gida ba ko ƙwaya ɗaya, yana raha. A cikin shekarun nan ya sauke wa ɗalibai littattafai, ya raɗa wa jikoki biyu suna, ya yi azumi uku cikakku. Duk da ba magani ne ya ba shi waɗannan shekarun ba, da ba don Sista Atika ba da ya zubar da su yana zaman jiran mutuwa, ko kuma ƙwayar da na ɗora masa a hannu ta tafi da shi tun a wancan makon.

Ke ce, Sista Atika, kika tsaya tsakaninsa da abubuwan nan biyu. Ke ce mai hannun auduga ta Mabera, wadda ta san cewa wani lokaci aikin jinya mafi wuya shi ne ka ce wa mutum "ba yanzu ba", sannan ka zauna tare da shi cikin jiran.

Da a nan labarin ya tsaya da na fi kowa murna. Amma gwaji biyu na baya-bayan nan sun nuna jinin Baba yana raguwa. Kaluluwa ta fito masa a wuya, kuma yanzu sai ya tsaya ya huta a hanyar masallaci. Makon jiya likita ya ce a fara magani. Ya zaɓi wani daga cikin irin waɗannan ƙwayoyin, wanda ya fi sauƙi ga zuciya, ya ce za a riƙa duba bugunta a kai a kai. Baba ya ce atafau.

"Na ji zuciyata tana hirgita cikin ƙirjina kamar kazar da anka yanka," ya ce mana a gida. "Ba ni sakewa. Wadda tas san jinina ma tahiya za ta yi. In mutuwa ta, ta iske ni a zaurena."

Muka yi roƙo, Gazali ya yi ta kira, Inna ta yi fushi ta daina yi masa magana wuni guda. Ko gezau. Mutumin da ya taɓa neman magani ido rufe lokacin da bai buƙace shi ba, yanzu da ransa ya rataya a kansa, shi ne yake gudunsa. Kuma na san ni na dasa masa wannan tsoron.

Ranar Asabar da hantsi Sista Atika ta zo, ba ita kaɗai ba. Tana tafe da wani dattijo baƙi siriri, hannayensa duk kanta, da hula ta sha rana. Ta ce sunansa Illo, manomin shinkafa ne daga wani ƙauye a bakin fadama, shekara biyu yana shan maganin. Ashe haka take yi. In ta ga mai tsoro, sai ta nemo wanda ya riga shi bin hanyar ta zaunar da su tabarma ɗaya, ita ta ja gefe.

"Allah shi gafarta Malam," in ji Illo, bayan ya shanye furar da Inna ta aiko, "an ce min kai ka tsoron ƙwaya. Na ce ƙarya ta, malami guda?"

"Kai ba ka ji abin da nij ji ba."

"Na ji nawa. Watan hwarko gudawa tas sa ni gaba, har matata tac ce in ƙaura bayan gida da tabarmata. Ƙuraje sunka hito min. Amma ni duk mako biyu ana aza min waya-waya ga ƙirji ana duba zuciya. Kai an ce a ɓoye kash sha naka, kamar mai satar hura."

Baba ya harare ni, na sunkuyar da kai.

"Kahin in hwara," Illo ya ci gaba, "ko hauya ban iya ɗagawa, ɗiyana ka ɗauka ta zuwa gindin icce in zauna ina kallon gona. Bana ni niy yi dashe da hannuna, ƙahwata cikin laka. In an yi kaka ka zo ka gani, in kana da ƙarhin zuwa."

"Cika baki dai."

"To zo ka ƙaryata ni."

Sai a nan Sista Atika ta sa baki, kuma ba ta yi masa daɗin baki ba. Ta ce, "Malam, ba ni ce ma babu haɗari. Akwai. Wancan karon haɗarin sha ya hi na bari. Yanzu na bari ya hi na sha, kuma da nisa. Ranar da za ka hwara ina nan, amma wata mai zuwa ba ni nan. Jibrin na nan, abokin aikina, shekara goma sha biyu muna tare. Na rubuta mishi komi naka, har da cewa ba ka son a soke ka ga hannun dama don da shi kaka rubutu." Baba ya miƙe. Ya raka su har ƙofar gida, abin da bai cika yi wa kowa ba, ya dawo ya zauna. Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce, bai tada maganar ba, mu ma muka ji tsoron tada ta.

A cikin wannan shirun na fara rubutun nan, ban san yadda zai ƙare ba. Na ce ko me Baba ya yanke, godiyarki ta wajaba a kaina. Na gode, Sista. Na gode da kuɗin kabu-kabun da ba wanda ya mayar miki, da lungunan da kika bi kina tambayar gidan mutumin da ya kashe miki waya. Na gode da ba ki tozarta ni ba ranar da na cancanci haka. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya sa 'ya'yanki su riƙe ki yadda kika riƙe iyayen mutane. Ku kuma matasan da ke sa fararen kaya yanzu, ku dubi fuskar wanda kuke sallama kafin ku kira na gaba. In kun ce masa babu magani, ku tabbata ya san ba cewa kuka yi babu rai ba. 'Yan'uwana masu waya a hannu, masu son iyayensu kamar yadda nake son nawa, ku karanta har ƙarshe, sannan ku kai abin da kuka karanta gaban wanda ya san aikin kafin ku kai shi bakin wanda kuke ƙauna.

Yau Litinin. Da safe ɗalibai sun cika zaure, ina daga soro na ciki ina jin karatu, sai na ji Baba ya tsaya a tsakiya. Ya ce a kira masa Inna da ni. Muka zo muka tsaya daga bakin ƙofa. Ya gyara zama, ya ɗaga murya yadda har na bayan zaure za su ji.

"Gobe babu karatun sahe. Za ni asibiti in hwara shan maganin ga, a gabansu. Nuriyya, kira Gazali ki hwaɗa mishi. Kuma a aika ma Illo, da kaka ina nan tahe in ga shinkahwar da shika cika baki da ita."